Ɗakin Tantabaru

Ƙarar goshinsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa. Ya zo shiga ofishinsu na zanen gine-gine, saman ƙofa ya tare shi, ƙum! Ta ɗago daga kwamfuta, sai ta ga wani dogon saurayi yana murza goshi yana ba ƙofa haƙuri.

"Ƙofar ba ta ji ciwo ba," in ji ta. "Kai fa?"

"Na saba. Banza ake ce mini Dogo? Ke ce Injiniya?"

Ita ce. Shi kuma malamin lissafi ne a wata sakandare. Mahaifinsa ne ya aiko shi, yana son a ɗora cikakken bene a kan tsohon gidansu, domin in Dogo ya yi aure ya zauna a sama.

"Amaryar ta ga gidan?"

"Babu amaryar tukuna. Baba ya ce a fara gina keji, tsuntsuwa za ta zo da kanta."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Shi ma ya lura.

Washegari ta je duba gidan. Tun daga bakin ƙofa hancinta ya gaya mata abin da ido bai gani ba. Sabon fenti ne fes a ko'ina, amma a ƙarƙashin ƙamshinsa akwai wani wari mai nauyi, irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. Ta ƙwanƙwasa bango da mukulli, ya amsa mata kamar kwali. Ta zagaya baya ta sa aka tona gindin ginin, ta tarar tushen bai kai zurfin gwiwarta ba. A bangon baya kuwa ga wani dogon tabo daga sama har ƙasa, an cusa masa siminti an shafe da fenti, an sake cusawa an sake shafewa.

Bayan wannan tabon ɗakin Umma yake, mahaifiyar Dogo. Da ta shiga, ta ga wani ƙaton kabad ya tsaya a gurin da mai hankali ba zai ajiye kabad ba, ya rufe rabin taga, ya jingina da kan gado.

"Baba, ko za a ɗan matsar da wannan in ga bangon?"

"Ba a taɓa shi," in ji Baba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai son tsari da farar riga. "Bangon lafiya lau yake. Duk shekara ina sa a gyara."

Gyara! Abin da ke ƙona mata rai ke nan a wannan aiki. Mutum zai ga ciwo yana ruɓewa, maimakon ya nemi magani sai ya saya masa sabuwar riga. In ka yi magana a ce haka kowa yake yi, Allah zai tsare. Kamar ba Allah ne ya ba mu ido da hankali ba.

Suka koma falo, ta yi bayani. Tushen ba zai ɗauki dekin kankare da bangon bulo ba. Amma akwai hanya. A ƙarfafa ginshiƙai, a cire tsohon rufi, a yi sabo mai tsini, a shimfiɗa daɓen katako mara nauyi, a fitar da ɗaki da falo a cikin rufin. Silin zai gangaro ta gefe biyu, tsakiya kuma mutum ya miƙe son ransa.

Baba ya dube ta, ya dubi tagar falo. Ta tagar ana hango benen maƙwabci, wanda tun da aka gama shi Baba bai sake shan shayi a tsakar gida ba.

"Wato maƙwabcina yana bene, ni ina ɗakin tantabaru? Yarinya, ɗana mutum ne, ba tsuntsu ba."

"Baba, gara tsuntsu mai rai da..."

Dogo ya yi tari da ƙarfi. Ta katse maganar, amma an riga an gane sauran.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Injiniya, Baba ya ce bakinki ya fi tef ɗin awonki tsawo. Ni kuma na ce a raina, a auna ni da shi mana."

Ta mayar masa: "Ka zo ofis gobe. Ina bukatar tsawonka saboda zane. Ka sunkuya a ƙofa."

Ya zo. Ta tsayar da shi jikin bango, ta hau kujera, ta ja tef daga ƙasa har saman kansa. Yana kallon gabansa kamar soja, amma murmushi ya tona masa asiri.

"'Yar Awo, me kika samu?"

"Na samu matsala. Kai kaɗai ka cinye mini rabin rufi."

"To ki bar wa tsuntsuwar ɗaya rabin."

Daga nan zance ya bar ofis ya koma ƙofar gidansu. Ya zama Dogonta, ta zama 'Yar Awonsa. Kullum da safe kafin ya shiga aji sai ya turo: "Hasken idona, na lissafa na sake lissafawa, amsar dai ke ce." Ita kuwa ta amsa: "Malam, ka je ka koyar da 'ya'yan mutane."

Mamanta ce ta fara taka birki.

"Duk karatun nan da kika yi, a ƙarshe a kai ki saman silin kamar tsohuwar katifa? Ƙawayena su zo ganin ɗaki suna rarrafe? Ba da ni ba."

"Mama, ni na zana shi."

"Shi ya fi ba ni haushi."

Ana cikin haka Baba ya samo wani ɗan kwangila, mai sheƙin takalmi da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya zagaya gidan hannu a aljihu, ya ce ai ya ɗora bene a kan wanda bai kai wannan ba. Abu guda ya rage masa, sa hannun injiniya, don hukuma ba ta ba da izini sai da shi. Sai ga shi a falon Mama da ledoji niƙi-niƙi, wai ya zo gaisuwa, wai ya daɗe yana neman mace mai ilimi.

Mama ta washe baki, ta kira 'yarta, ta ba su wuri.

"Ranki ya daɗe, ke da ni za mu yi nisa," ya ce yana kaɗa mukullin mota. "Ni in gina, ke ki sa hannu. Wa yake tona tushe a zamanin nan? In an shafa fenti, kowane gida sabo ne."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Akwai tsohuwa da ke kwana a ƙarƙashin abin da za ka ɗora."

"Rai ai na Allah ne."

"Haka ne. Shi ya sa ba naka ba ne da za ka yi caca da shi. Ɗauki kayanka."

Ya tafi, amma bai rasa mai sa masa hannu ba. Irin waɗannan hannayen ba sa wuyar samu, kuma wannan ma wani abin ƙyama ne. Bayan 'yan kwanaki ta bi ta layin su Dogo, ta ga bulo jibge a ƙofar gida, ga rodi, ga yashi. Ta tsaya a bakin titi ta rubuta masa.

"Na ga bulo. Ashe kai ma ɗan fenti ne."

"'Yar Awo, ki fahimce ni. Lallaɓa Baba nake yi. Ba a yi wa tsoho gatse-gatse. Ni ma an ce an ga motar mutumin a gidanku, ban ce komai ba."

"Motarsa ta zo, na kore ta. Bulonsa ya zo, ka buɗe masa ƙofa. Kana lallaɓa Baba, wa yake lallaɓa bangon da ke kan Umma? Kada ka sake kirana. Ba zan auri mutumin da ya san lissafi ya kuma rufe ido ba."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ta yi kuka a banɗakin ofis, ta wanke fuska, ta koma kan zanen wani. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba mugu ba ne. Mutumin kirki ne, kuma shirun mutanen kirki ya fi rushe gidaje fiye da ruwan sama.

Ranar da za a fara aiki, da hantsi, saƙo ya shigo.

"Leburori sun zo. Zan matsar da kabad ɗin Umma a gaban Baba. Ban taɓa saɓa masa ba. Ko ba ki yafe mini ba, ki zo ki tsaya inda zan gan ki."

Ta bar shayinta a kan tebur.

Ta same su a ɗakin Umma. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ɗan kwangila na bayansa, Umma na zaune a gefen gado. Dogo ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ka gafarce ni. In bangon lafiya yake, ni da kaina zan ɗauki bulon farko. Amma sai mun gani."

"Kai! Yarinyar nan ce ta zuga ka?"

"Ita ta faɗa, ni na yi shiru. Shirun ne ya ishe ni."

Ya miƙe ya sa kafaɗa. Kabad ya yi ƙara, ya ja da ƙyar. Wari ya bugo su, har ɗan kwangila ya toshe hanci da hankici. Bangon ya yi baƙi ƙirin da funfuna, yana naso kamar gyambo. Kyankyasai suka watse ta ko'ina. Gara ta cinye bayan kabad ɗin ta bar fatar katako. A tsakiya kuwa ga tsaga, daga silin har daɓe, an cusa mata tsofaffin tsummoki.

Baba ya matso a hankali. Ya zare tsumma ɗaya, yashi ya zubo masa a kan farar riga. Ya tura hannu, ya shige har wuyan hannun.

"Wa ya sa tsummokin nan?"

"Ni ce," in ji Umma, ba ta ɗaga murya ba. "Ta ƙarƙashi nake turawa da sanda. Kullum da safe sai na share yashi a kan matashina. Kai kana shafe waje, ni ina toshe ciki."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Malam. Ka sayo kabad."

Ɗan kwangila ya gyara murya.

"Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne. Filasta ce kawai, a bi da fenti..."

Baba ya juyo da hannunsa mai yashi ya nuna masa ƙofa. Da ƙarar takalmin ta ɓace, ya zauna a bakin gado kusa da matarsa, ya daɗe yana kallon matashin. Sannan ya ɗago.

"'Yata, ɗakin tantabarun nan naki, yana nan a kwamfutar?"

"Yana nan, Baba."

Umma ta kamo hannunta. "Gaskiya gare ki, 'yar nan. Amma bakinki reza ne. In za ki zauna da mu, ki riƙa sa masa kube."

"To, Umma," ta ce, kanta a ƙasa. Ta saci kallon Dogo. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga yanar gizo a gashinsa, bai taɓa yi mata kyau irin na ranar ba.

An kwashe Umma zuwa falo, aka rushe bangon aka sake shi tun daga tushe. Bulon ɗan kwangila a nan ya ƙare. Sannan rufi ya tashi, mai tsini, da faffaɗar taga a kowane gefe da abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Mama ta zo da niyyar kushewa, ta hau matakala tana mita. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, iska ta ratsa ta, ta dubi gadon da ya lafe a ƙarƙashin gangaren silin da kantocin da aka fitar a lungunan.

"Hm. Ba laifi," ta ce. A bakin Mama wannan kirari ne. Kafin ta sauka ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar. Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, saƙo ya shigo wayar amarya daga angon da ke tsaye a ƙasan matakala.

"Tsuntsuwata, Baba zai hau ya sa mana albarka. Na gaya masa ya bi tsakiya."

Baba ya hau, Umma na biye da shi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa su zama masu gaya wa juna gaskiya tun tana ƙarama, ya tsare su daga rufe ɓarna da ado. Aka shafa. Sai ya hango benen maƙwabci ta taga, ya taka gefe don ya ƙare masa kallo.

Ƙum!

Amarya ta rufe baki da mayafi. Dogo ya kafa ido a daɓe. Umma ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki.

Baba ya murza goshi, ya dubi silin, ya dubi surukarsa.

"Bar shi haka, 'yata, kada ki gyara," ya ce. "Da na koyi sunkuyar da kai tun da wuri, da uwarku ba ta kwana cikin yashi ba. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ya kama hannun Umma, ya sunkuya, suka sauka.