Abin da Abban Raki Ya Rubuta

"Abban Raki, mene ne wannan?"

Ban jira mijina ya cire takalmi ba na miƙa masa wasiƙar. Ruwan saman Salford ta Ingila ya jiƙa masa kafaɗu. Ya karanta layin farko kawai, ya ninke ta.

"Sun ƙi," ya ce a hankali. "Allah bai yi ba, Zinat. Sai haƙuri."

"Na san sun ƙi! Dalilin nake tambayar ka!"

Na ɗauko kwafin fom ɗin da na tsinta a ƙasan durowarsa. Fom ne na neman tallafin da gwamnati ke bai wa yara masu nakasa, shafi wajen arba'in. Shi ya ce in bar masa ya cike, wai ya fi ni sanin Turancin ofis. Na buɗe, na shiga karanta masa rubutunsa.

"Tana iya tafiya? Ka ce e, da ɗan taimako. Tana cin abinci da kanta? Ka ce tana ƙoƙari sosai. Barcinta fa? Ka ce lafiya lau... Lafiya lau, Musbahu?!"

Shekara bakwai da aurenmu, ban taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar.

Rakiya, 'yarmu ɗaya tilo, shekararta biyar. Ƙwaƙwalwarta ta samu rauni wajen haihuwa, likitoci suka ce cerebral palsy ne. Ba ta tsayuwa, ba ta riƙe cokali, kalmominta ba su fi goma ba. A da akwai cibiyar da ke karɓar ta sau biyu a sati ina ɗan hutawa, amma aka rufe ta a 2012, lokacin da ake ta rage kuɗaɗen council, wato ƙaramar hukuma. Wannan iskar ce ta kwashe aikin Musbahu na akanta, ya koma aikin wucin gadi na agency, yau akwai gobe babu.

"So kike in zauna in rubuta wa baƙi cewa 'yata ba ta iya komai?" Muryarsa ta tashi. "In jera musu aibinta shafi-shafi don su ba ni kuɗi? Ban zo ƙasar nan don yin bara ba!"

"Ba bara ba ce, haƙƙinta ne! Keken guragun da take ciki ya yi mata kaɗan, gefen cinyarta duk ya kurje. Bayana ya gama aiki, shekaranjiya har faɗuwa na yi da ita a banɗaki!"

"Za ta warke, in sha Allahu."

"Likitanmu na GP ya ce..."

"GP ba Allah ba ne!"

Daga ɗaki Raki ta fashe da kuka. Ya riga ni isa wurinta, ya rungume ta yana cewa, "Yi shiru, gimbiyar Abba, yi shiru." Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su. Wallahi ina son mutumin nan tun muna BUK yana raka ni bakin hostel. Amma ranar na gane soyayyarsa za ta iya kassara mu.

Bayan kwana uku na haɗa kaya. Bai hana ni ba. Shi ma ya kai mu tashar coach, babbar bas ta doguwar tafiya, ya ɗaura wa Raki bel da hannunsa.

"Zinat... kada ki daɗe," ya ce, idonsa a ƙasa.

Har muka isa Birmingham hawaye bai tsaya mini ba.

Yayata Sa'adiya, nas ce, tana zaune a unguwar Erdington. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ba zan ce ki kashe aurenki ba, ba kuma zan ce ki koma yau ba. Gobe ki shirya, akwai wadda za mu gani."

Bas biyu muka hau zuwa Handsworth, wani ɗan ofishin ba da shawara kyauta a saman shagon yadi. Madam Clara dattijuwa ce 'yar asalin Jamaica, gilashinta rataye a wuya. Ta karanta fom ɗin tana girgiza kai.

"Za mu ɗaukaka ƙara," ta ce da Turanci. "Amma sai kin faɗa mini ranar da ta fi kowace muni. Yaya safiyarku take?"

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Alhamdulillah, da sauƙi..."

Yaya Sa'a ta dube ni. Kunya ta rufe ni.

Madam Clara ta turo mini littafi da biro. "Ba ke kaɗai ba ce. Je ki rubuta komai na sati guda. Kada ki yi mata ado."

Wannan satin ya fi mini naƙuda wuya. Na rubuta cewa ba ta kofin koko ɗaya yana cin minti arba'in, tana ƙwarewa sau uku. Na rubuta yadda jikinta ke sanƙarewa har sai na murza mata ƙafafu tana ihu. Na rubuta cewa har yanzu tana sa famfas. Duk layin da na rubuta sai in ji kamar gulmar 'yata nake yi, ita kuwa tana gefena tana mini murmushi.

A nan na fara tausayin Musbahu. Amma ban kira shi ba.

Shi yake kira, kullum bayan la'asar. Gaisuwa kawai muke yi, ya ce, "Sa mata wayar a kunne." Raki ta yi ta cewa "Daddy, Daddy," bakinta na dalala. In ya kashe wayar sai ta ƙi cin abinci. Cikin wata biyar ta rame, ni ma na rame. Yaya Sa'a ce ta tura masa ranar zaman kotun, ba da sanina ba.

Ranar Talata ce, a watan Nuwamba. Muna shiga ɗakin jira na gan shi zaune a lungu, cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Raki ta saki wata ƙara ta murna har mai gadi ya waiwayo.

"Me ya kawo ka?" na tambaya a ƙasa-ƙasa.

"Ni na ɓata," ya ce. "Ba ke za ki amsa laifina ba."

Mutum uku ne a bayan tebur: alƙaliya, likita, da wata mata. Ba su da zafi, amma tambayar farko ta daskarar da ni.

"Fom ya ce yarinya tana tafiya da ɗan taimako," in ji alƙaliyar. "Littafinki ya ce ba ta taɓa tsayuwa ba. Wanne za mu ɗauka?"

Kafin in yi magana Musbahu ya ɗaga hannu.

"Ni na cike fom ɗin, ranki ya daɗe. Abin da na rubuta ba gaskiya ba ne."

Ya ɗora da cewa:

"'Yata ba ta taɓa taka ƙasa ba sai hannuna na ƙarƙashin hammatarta. Ni nake tafiyar, ita ƙafafunta ja suke yi. Ba ta taɓa kai loma bakinta ba. In ba a juya ta ba, haka za ta kwana a gefe ɗaya har fatarta ta yi ja. Ba ta iya cewa ga inda ke mata ciwo, sai dai mu yi ta lalube..." Muryarsa ta karye. Ya ci gaba. "Matata ce ke yin wannan duka. Ni ina fita aiki in dawo in ce lafiya lau."

Likitan ya tambaye shi, "Me ya sa ka rubuta akasin haka?"

"Na kasa," kawai ya ce.

Aka ce mu jira a waje. Yaya Sa'a da Madam Clara suka tura Raki zuwa wajen taga, suka bar mu a kan benci.

"Zinat," ya kira ni, bai ɗago ba. "Kin tuna ranar haihuwarta?"

Ba mu taɓa maganar nan ba.

"Ina Leeds wajen aiki kika kira ni, kika ce ciwo ya tashi. Na ce kada ki kira ambulance, ki jira ni, ga ni nan tafe. Awa biyu da rabi na yi a hanya saboda cunkoso! Awa biyu da rabi, Zinat!" Ya rufe fuska da tafukansa. "Duk tambayar da ke cikin fom ɗin nan, ni nake gani. In na rubuta ba ta tafiya, kamar na rubuta ni na hana ta ne."

"Likitoci sun ce ba su da tabbas..."

"Ni ina da shi."

Na kamo hannunsa, sanyi ƙalau.

"Wayar tana hannuna, Abban Raki," na ce, hawaye na zuba. "Na ga jini. Na san ya kamata in kira su. Tsoro na ji, na zauna. Shekara biyar ina zaton in ka san haka za ka tsane ni."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Ni in tsane ki? Ke da nake kwana ina roƙon Allah ya sa ki yafe mini?"

Muka yi kuka a wurin kamar yara, mutane na wucewa suna kau da kai.

Da aka sake kiran mu, alƙaliyar ta miƙo takarda. Sun amince da tallafin, a mataki mafi girma. A ƙasa an rubuta dalili: yarinyar ba ta iya tafiya, tana buƙatar kulawa a kowane lokaci, kuma ba a sa ran hakan zai canja.

Madam Clara ta ce, "Kun yi nasara."

Babu wanda ya yi murmushi a cikinmu. Musbahu ya karanta layin ƙarshen sau biyu, leɓensa na motsi. Sannan ya durƙusa gaban keken Raki, ya goge mata baki da hannun kwat ɗinsa.

"Gimbiyar Abba," ya ce, "ba za ki yi tafiya ba. Na ji. Na yarda."

Raki ta kama masa gemu tana dariya.

Ya juyo gare ni, yana durƙushe. "Abar ƙaunata, gidanmu ya yi mini girma. Za ki dawo?"

Na share fuskata da gefen mayafi.

"Tashi ka tura ta," na ce. "Kayanmu na Erdington, kuma suna da yawa."