Kart ɗin da Aka Tsinto a Tenere

Shekarar da soji suka karɓi mulki, damina ta ƙi, mutanen daji suka cika Agadas da ramammun awakinsu. A shekarar nan ne abin ya sami gidan Habsa, da magariba, tana tsugune tana hura wuta.

Dutse ya faɗo tsakar gida. Ta ɗaga kai, ba kowa bisa katanga. Wani ya sake faɗowa kusa da randa. Da ta ɗauka sai ta ji shi zau, kamar yanzu aka tsamo shi daga yashin tsakar rana, alhali rana ta faɗi.

Mijinta Yahaya direban Turawa masu yawon buɗe ido ne, kafin tawaye ya kore su. Wani cikinsu ya bar masa tsohon ordinater, wato kwamfuta, ɗan ƙarami, na aljihu, mai tsinken da ake taɓa gilashinsa. In yana hanya, Yahaya yakan ɗauki muryarsa a ciki: gaisuwa, tsokana, da waƙar da bai iya ba. Da ciwo ya ɗauke shi, abin da ya rage nasa ke nan. Bayan la'asar Habsa takan kunna, ita da ɗiyarsu Kadidia su yi ta saurare.

To, na'urar ta tsufa, ta cika, har tana tsayawa tsakiyar magana. Habsa ta kai wa Chaibou, ƙanen Yahaya, mai gyaran salula a kasuwa. Ya ce cikinta ya yi kaɗan, sai an ƙara mata kart memuwar, katin ajiya, irin babban nan na da. Ya samo ɗaya, ya goge shi tas, ya kwashe muryar Yahaya ya zuba ciki, ya share cikin na'urar don ta yi sauri. Ta yi sauri kuwa. Da magaribar ranar aka fara jifa.

Daga jifa sai ruwa. A cika randa da safe, a wannan tsadar ruwan, kafin almuru sai yashi a gindinta. Sannan Kadidia, yarinyar da ko a lakwal, wato makaranta, an san ta da surutu, ta daina magana. Leɓɓanta suka tsage. Ta sha ruwa, ta sha, kamar a rami ake zubawa.

Chaibou ya ɗauko Malam Alkasum. Tsohon ya iso ana fitowa sallar magariba, ya zauna bisa buzu, ya sa turare, ya yi ta karatu a kunnenta. Gari ya yi tsit. Can sai yarinyar ta miƙe zaune, ta buɗe baki, muryar wani tsoho busasshiya ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni aljani ne, mai wata matacciyar rijiya cikin hamadar Tenere, hanyar Libiya. Kamiyo, babbar motar kaya, ya lalace, ƙishirwa ta gama da mutanen ciki. Ɗaya ya jingina da bakin rijiyata, yana yi wa uwarsa sallama cikin na'urarsa, har ya yi shiru. Tun ranar ni kaɗai nake sauraronsa. Sai aka zo aka lalube aljihun matattu."

Malam ya juyo. "Chaibou, ina ka samo kart ɗin nan?"

Chaibou ya sunkuyar da kai. "Wani karen mota ya kawo mini. Wallahi ban saurara ba, Malam. Gogewa kawai na yi."

"Kun shafe mini murya," in ji aljanin. "Zan tafi da ta yarinyar."

"Ka ji tsoron Allah. Ba ita ta ɗauka ba, ba ita ta goge ba."

Wutar murhu ta mutu, ba wanda ya motsa.

"To a mayar mini da kart ɗin, da wanda ke cikinsa yanzu," in ji aljanin.

"Yaya Habsa, bari in kwafe miki tukuna," in ji Chaibou da sauri. Nan take maƙogwaron Kadidia ya shaƙe, idanunta suka juye.

"In muryar ta rage wurinku, ba ku biya ba," in ji aljanin.

Habsa ta ɗauko na'urar. Ta ɗora tsinken bisa gilashi, ko sau ɗaya ta sake jin yadda Yahaya yake kiran sunanta. Sai ta dubi leɓɓan ɗiyarta, jini yana tsattsafowa. Ba ta taɓa gilashin ba. Ta sa farce ta zaro kart ɗin, ta miƙa wa Malam.

Ya naɗe shi cikin farin ƙyalle kamar likkafani. Ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba, shi kuma Chaibou ya rantse zai bi kamiyo ya binne shi da hannunsa a bakin rijiyar. Kadidia ta yi atishawa, ta faɗi bisa tabarma.

"Inna," ta ce da muryarta, "yunwa nake ji."

Jifa ta tsaya. Randa ta koma riƙe ruwa. Har yau bayan la'asar Habsa takan kunna na'urar, sai na'urar ta taso da sauri, fes, ba komai ciki. Tana ƙoƙarin tuno muryar, kullum tana ƙara dusashewa. Ta dai san can cikin Tenere, ƙarƙashin yashi, Yahaya yana kiran sunanta, wani ne daban yake sauraro.