Bayan Fagen Iskar Ƙarshe

"Zuhra! Zo ki faɗa min, fuskar wace ce wannan?"

Muryar Bappa Bobboyi ce, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun ina ƙarama. Na shigo falo. Ya tsayar da faifan cak, fuskata ta cika talabijin... kaina ba ɗankwali, ina durƙushe gaban saurayi, na riƙe hannun rigarsa.

"Bappa, don Allah ka bari in yi bayani..."

"Bayanin me? Koyon kwamfuta na tura ki Jimeta, ashe fim kike yi! A shagon mai aski aka nuna min ke, Zuhra. Ni!"

Ya karɓe wayata. Ya ce daga ranar ko zaure kada in taka.

Sunan fim ɗin Iskar Ƙarshe. Labarin wasu mutane ne a zamani mai zuwa, rana ta ƙone duniya, suka ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, wata na'ura tana raba musu iskar shaƙa, tana kashe duk wanda ya nemi fita. Ni ce na'urar. Hular ƙarfe nake sawa mai rufe fuska duka, shi ya sa na yarda na yi, don Hamma Umair ya rantse min ba wanda zai gane ni.

Umair shi ya rubuta fim ɗin, shi ya ba da umarni. Ɗan Mubi ne. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, mahaifiyarsa ta tura shi cikin tankin ruwa ta rufe murfin. Da ya fito, gidan ba kowa. Wani malamin makaranta, Baba Silas, ya tsince shi a hanya, ya kawo shi gidansa a unguwar Limawa ta Jimeta ya haɗa shi da 'ya'yansa.

A Ngurore muka yi aikin, cikin tsohuwar kwantena da aka shafa wa fenti kalar azurfa. Rannan ƙofar ta cije muna ciki ni da shi. Sai na ga Umair ya sulale ƙasa, numfashinsa na sarƙewa, yana kiran mahaifiyarsa, "Dada... Dada, buɗe!" Na cire hular na jefar. Na yi ta masa magana har aka ɓalle ƙofar.

Ashe kyamara tana ɗauka.

Ikram, jarumar fim ɗin, ta daɗe tana son sa. Ita ta kai faifan wajen bugawa, ita ta sa aka ƙara wannan wurin cikin abubuwan bayan fage, gefen inda ake nuna yadda aka haɗa hular da yadda aka yi hayaƙi.

Gidanmu na Yola Gari tsoho ne, katangarsa doguwa. Daga tagar ɗakina sararin sama kaɗan nake gani. In na ji kiran salla sai in ji kamar daga wani gari yake zuwa. Mata suna shigowa wai gaishe da Gogo, yayar Bappa, idonsu kuwa na kan labulena.

Har Ikram ta zo.

"Ayya ƙawata, sannu fa! Wallahi kuskure aka yi. Amma kin san Hamma, faifansa na ta tafiya a kasuwa, ba shi da lokacin kowa yanzu."

Da ta fita na kifa kaina a filo na yi kuka har muryata ta dushe.

Gogo ce ta shigo ta zauna bakin gado.

"Bingel am, 'yata, na kalli abin nan har ƙarshe. Bappanki rabi ya gani ya tashi. Faɗa min gaskiya, kina son yaron?"

"Gogo... ina son sa."

"To share hawayenki."

Ranar wata Asabar da hantsi na ji tsayuwar Keke Napep a ƙofar gida, na ji ana sauke kaya. Na lallaɓa na laɓe bayan ƙyauren zaure.

Umair ne! Ya rame, idonsa ya faɗa. Buhuna a gabansa, cike da faifai. Kusa da shi wani dattijo mai farin gashi.

"Bappa," in ji Umair yana durƙushe, "na bi shagunan Jimeta na kwaso duk wanda ya rage. Ga su. Ka sa musu wuta. Laifin nawa ne, ba nata ba."

"Ka kwashe daga kasuwa. Za ka kwashe daga idon mutane?"

Umair ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kada ka ƙona, Hamma! Shekarunka ne a cikin buhunan nan!"

"Zuhra, koma ciki!" Bappa ya daka min tsawa.

"Zuhrata," in ji Umair, "fim zan iya yin wani. Ke fa?"

Gogo ta ratsa ta gefena ta fita da sandarta.

"Bobboyi, lokacin gudun hijirar Mubi, wa ya buɗe zauren nan ya zuba mutanen da bai sani ba? Ba kai ba ne? Yarinya ta ga ɗayansu yana shiɗewa ta taimake shi, a gidan wa ta koya?"

Bappa ya dubi Umair.

"In da gaske kake, ina manyanka?"

"Ba ni da..."

"Yana da shi," dattijon ya katse shi. "Sunana Silas. Ba ni na haife shi ba, addininmu ma ba ɗaya ba. Amma ni nake tashinsa sahur, ni na saya masa sallaya. Limamin unguwarmu, Malam Lawal, zai tsaya masa wakili. Ni kuma na zo roƙo, a matsayin uba."

Ya cire hularsa, ya fara ƙoƙarin durƙusawa duk da ciwon gwiwa.

Bappa ya yi wuf ya tare shi.

"Haba Malam! Subhanallahi, tashi... A kawo tabarma!"

Ba a ƙona faifan ba. Bappa ya ce a cire wurin nan a sake bugawa, kuma ni da fim sai abin da mijina ya ce. Ikram ta aiko a ba ni haƙuri, na ce na yafe, amma ban ƙara zama da ita ba.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurenmu. Da yamma aka kai ni Limawa, matar Baba Silas ta tare ni a ƙofa da guɗa, 'ya'yanta mata suna ta jan mayafina suna kirana Adda, wato Yaya.

Da aka watse Umair ya shigo ya zauna nesa kaɗan, yana murmushi, hawaye na bin kumatunsa.

"Hamma, yau ma kuka?"

"Dada nake tunawa. Da ta gan ki, da ta ce na iya zaɓe."

Na matso kusa da shi.

"To faɗa min yadda take. Tun daga farko. Ba inda za ni."