Digiri Saba'in da Takwas

Fankokin kwamfutar Tasi'u na ta gurnani a ƙarƙashin tebur, shi kuwa yana tsakiyar wasan damben allo, ido ɗaya kan abokin karawa, ɗaya kan lambar da ke nuna zafin injin. Saba'in da takwas. Ya miƙe zumbur.

"Barira! Zo, za ta ƙone!"

Barira ƙanwarsa ce, kuma ita ke gyaran bututun sanyi a benensu mai hawa tamanin a Sabuwar Daura. Kira na huɗu ke nan tun safe. Mutum ya ba hamsin baya, amma ƴar lamba ta hana shi sakat, ta hana kowa!

"Yaya, don Allah ka bar ni in sarara. In ana wasa, saba'in har zuwa tamanin ba komai ba ne. Ka kaɗe mata ƙura, ka janye ta daga jikin bango, shi ke nan."

"Ke dai ba kya ƙaunarta. Ni arba'in nake so."

A birnin nan sanyi rabo ne, kowane gida da kasonsa. Nasu Barira ta kasa shi uku: ɗakuna, firji, da wata ƴar durowa da ta adana irin geron marigayi Babansu. Mudu ɗaya ne tak, shi kaɗai ya rage daga gonar da yanzu ta zama tashar jirage marasa matuƙi. Shekara tara tana neman a ba ta fili a rufin bene ta shuka shi. Bana aka ba ta, ruwan farko kawai take jira.

Aiki ya kai ta wani gari na mako biyu. Tana juya baya Tasi'u ya ɗauko wata na'ura mai suna Zuƙau, wadda ke zuƙo sanyi duk inda ta same shi a gida. Takardar bayaninta kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Da ya karanta, da ya ga cewa zafi ba ya ɓacewa, wuri kawai ake sake masa. Duk inda Zuƙau ta kwashi sanyi, nan take juye zafin kwamfuta da guminta.

Ranar da Barira ta dawo, tun daga ƙofa ya tare ta, baki har kunne.

"Zo ki gani! Arba'in cif!"

Ba ta dubi allon ba. Sabon bututun da ya fito daga Zuƙau ta bi da ido har inda ya ƙare: cikin durowar geron. Durowar ɗumi gare ta kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. Tana buɗewa wari ya buge ta. Geron ya jiƙe, ya tsiro, ya ruɓe, funfuna ta rufe shi.

Ta mayar da durowar ta rufe a hankali.

Tasi'u ya sosa ƙeya. "Ai... ana samun iri a gari, ko?"

"Ba na Baba ba, Yaya."

Sai ga yayyafi ya fara bugun taga, ruwan farko. A ƙarƙashin tebur kwamfuta na aiki shiru, sanyi ƙalau, kan arba'in ɗinta.