Wayar Rijiyar Giwa Tazo

Rana ta yi ja lokacin da Hamsatu ta sauka daga mota a Jega Firchin, da nannaɗaɗɗiyar wayar lantarki cikin buhu. Malamar lantarki ce a wata makaranta a Aliero, kuma kawunta Malam Almu ne ya aike ta. Tsohon ma'aikacin sadarwa ne, ya kwashe shekaru yana hira da mutanen ƙasashen nesa ta rediyon da ya haɗa da hannunsa. Yanzu ido ya yi rauni, ita ke riƙe masa ƙarfen dalma.

Amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa rediyon ƙarfi, ita ce ta yi sanyi. Tiransifoma na ba da bolt biyar cif, amma kafin wutar ta isa ƙafafun manyan ƙwayayen gilashi biyu da ke cikin na'urar, rabin bolt ya salwanta a hanya. Zaren cikinsu yana jan wuta da yawa, wayar kuwa siririya ce, sai ta riƙa cinye wani abu tana mayar da shi zafi. Maganin abin waya ce mai kauri, gajeriya. Wani manomi a Giwa Tazo ya ba ta kyauta, ya ce daga mataccen famfon wata rijiya ya zaro ta, rijiyar da aka daina sha tun da ruwanta ya fara wari.

Ta yanka, ta liƙa, ta ɗaure. Ana kiran magariba Kawu ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci, ya ce ta auna kafin ya dawo.

Ta kunna. Ta ɗora mitar awon wuta. Huɗu da rabi, kamar jiya. Tana kallo allura ta sauka zuwa huɗu.

Hakan ba ya yiwuwa. Wayar ta kai kaurin ƙaramin yatsanta. Ta taɓa ta, ta ji ɗumi, ta ji kuma danshi. Wani ruwa mai yauƙi ya biyo yatsunta.

Sai warin ya taso. Da farko kamar albasar da ta ruɓe a ƙasan rumbu. Daga baya kamar mushen da ya kwana uku a kwata. Ta toshe hanci.

Uku da rabi. Hasken ƙwayayen ya koma ja-ja.

Daga ƙarƙashin akwatin ƙarfen amfilifayar ta ji wata ƙara. Tsut. Tsut. Irin ta mai tsotsar ɓargo.

Ta kunna fitilar wayar hannunta, ta durƙusa, ta leƙa.

Robar wayar ta tsage daga tsawonta. Babu jan ƙarfe a ciki. Gashi ne, baƙi, jiƙaƙƙe, a kitse, tsutsotsi farare na fita daga tsakaninsa suna faɗowa kan tebur. Wani abu mai launin toka ya nannaɗe kitson, yana sama yana ƙasa a hankali.

Harshe ne. Ba ta ga bakin da ya fito ba.

Lasifika ta yi shuu, alhali ba ta kunna ta ba.

"Ɗiyata," in ji wata murya, kamar mai magana da ruwa a maƙogwaro. "Bar min ɗumin ga. Ƙasa da sanyi."

Ta miƙa hannun dama za ta kashe makunni.

Harshen ya saki wayar.

Ya kama wuyan hannunta. Sanyi ƙalau, da kaushi. Ya lasa daga tafi zuwa gwiwar hannu, yana barin yauƙi. Ta ji ɗumin jikinta yana tsiyaya ta wurin, yatsunta suka mutu.

Ya fara ja.

Fuskarta ta kusa ƙarfen da wutar kisa ke ciki.

Bakinta ya kasa addu'a, sai zuciya. Ta laluba da ƙafa, ta sami igiyar soket, ta fizge.

Ƙwayayen suka mutu. Abin ya sake ta, ta ji faɗuwarsa kamar jiƙaƙƙen tsumma.

A bakin ƙofa Kawu ya same ta tana amai. Bai shiga ba, warin ya tare shi tun daga zaure.

"Ina kis samo wagga waya?" ya tambaya a hankali.

Da ta faɗa masa, sai ya ce kada ta sake taɓa komai.

Da safe shi da limamin unguwa suka ciro wayar da filaya. Jan ƙarfe ne tsaf, ba tsaga ko ɗaya. Duk da haka suka kai ta Giwa Tazo, suka jefa a rijiyar, aka rufe bakinta da siminti. Bayan mako biyu Hamsatu ta sa sabuwar waya daga kasuwar Jega, mita ta nuna abin da ake so, Kawu ya koma hirarsa.

Hannun ne bai koma ba. Ta wanke da sabulu, da toka, da kananzir. Kowa ya ce ba ya jin wani wari, amma ƙudaje na ji: ko cikin aji, hannun damanta kawai suke bi. Yau shekara biyu, da cokali take cin tuwo.