Alamomi Tara

Auta ta ture keken ɗinkinta gefe, ta ɗauko katunan karatun mijinta. Tun aurensu bara haka suke yi, ita ta karanto tambaya, shi ya ba da amsa. Yana shekara ta biyar a karatun likitanci, amma tun ranar da ya samu gurbi dangi suka laƙaba masa Dokta.

"Kawo alamomin ciwon damuwa guda tara," ta karanto.

Yana kwance, ido a silin, ya shiga jero su kamar mai hadda: baƙin ciki kullum, daina jin daɗin abin da aka saba so, rashin barci, rama, kasala, mutum ya ga ba shi da amfani…

Auta ta daina duba katin, ta koma dubansa. Wata uku rabonsa da filin ƙwallo. Sau biyu tana rage masa ƙugun wando. Tun da ya faɗi wata jarrabawa, kuma wata jaririya ta rasu a gabansa a ɗakin jinyar yara, ba ta sake jin dariyarsa ba.

"Guda nawa ake samu a ce mutum yana da shi?"

"Biyar, in sun kai sati biyu."

"To ni bakwai na ƙirga maka, Dokta."

"Haba Auta! Ni fa zan duba mutane—"

"Kai kuma wa zai duba ka?"

Ya juya wa bango fuska. Can ya ce kowa a gidansu shi yake jira ya gama, kowa da takardar gwajinsa yake zuwa, babu mai cewa yaya kake. Sati guda tana kuka tana lallashi kafin ya yarda ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan magani, aka sa masa ranakun tattaunawa.

Gwaggon Auta a ɗakin kati na asibitin take aiki. Ta hango shi a bencin masu jiran likitan ƙwaƙwalwa, ba ta zame ko'ina ba sai wurin yayanta, mahaifin Auta.

"Yaya, mahaukaci ka ba 'ya! Da idona na gan shi!"

Baba ya aika a kira Auta.

"Baba, wallahi ba hauka ba ne, difireshan ne—"

"Ajiye mini Turancinki. Nan za ki zauna sai na bincika."

Ta zauna, ba ta yi musu ba. Kowace safiya dai sai ta buga waya: "Ka sha?"

Duk Alhamis Dokta ke zuwa auna wa Baba hawan jini. Babu wanda ya zaci zai zo, sai ga sallamarsa da na'ura a hannu. Ya ɗaura, ya matsa, ya duba.

"Ya ɗan hau, Baba."

"Ina zai ƙi hawa?"

Dokta ya durƙusa. "Baba, in maganin ne matsalar, daga yau na daina. Asibitin ma ba zan koma ba. Ku dai ba ni matata."

"A'a!" Auta ta ɗaga labule, hawaye shaɓe-shaɓe. "In sai ya daina zan koma, Baba, na haƙura, a bar ni nan. Lafiyarsa nake so."

Baba ya dube ta, ya dubi surukinsa, ya jawo kwalin ƙwayoyinsa ya kaɗa.

"Kai! Ba kai ne ka zauna nan ka ce mini shan magani ba ya rage tawakkali ba? Ka sa ni haɗiyar waɗannan kullum, ka raba ni da gishiri, yau naka ya zo za ka gudu?"

"Yaya, amma fa—" in ji Gwaggo.

"Wanda aka raba da matarsa bai manta ranar awona ba, shi ne mahaukaci? Ke kuma abin da kika gani a wurin aiki amana ce, ki nemi gafarar Allah."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Ɗauki matarka. Sharaɗi ɗaya: duk Alhamis ka duba kwalina, ni ma in duba naka."

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Akwai safiyar da tashi daga gado ma ya gagare shi, Auta ta zauna kusa da shi da katunan har ya miƙe. Malaminsa ya rage masa kwanan aiki na wani lokaci, ya sake jarrabawar ya ci. Wata Asabar ya nemi takalmin ƙwallonsa. Bayan wata shida ya miƙo mata wando yana dariya.

"Tela, a sako mini ƙugun nan, ya matse!"

Iyaye, ɗan da muke kira likita tun bai gama ba, shi ma ɗan Adam ne. Mu tambaye shi yaya yake kafin mu miƙa masa takardar gwaji. Ciwon damuwa ciwo ne, ba hauka ba, ba kuma raunin imani ba. Mu yi addu'a, mu nemi magani, mu yi haƙuri da juna kamar yadda Auta ta yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.