Malama Mai Iska

"Wayyo Allah kaina! Malama... ɗakin yana juyawa!"

Kafin Mahbuba ta ajiye allin da ke hannunta, ɗalibarta Sakinatu ta sulale daga kan benci ta zube ƙasa. Ta kusa da ita ta ƙwalla ƙara ta bi bayanta. Sai ta uku.

"Iska ce! Wallahi iskoki ne, sun zo!"

Ɗakin gwajin ya hargitse, 'yan mata ashirin suna rige-rigen ƙofa guda. Mahbuba ta ja numfashi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai! Ta san warin nan fiye da ƙamshin turarenta.

"Ku fitar da su waje! Gas ne ke yoyo, ba komai ba ne!"

Wa zai tsaya jin ta?

Shekara biyu ke nan tana koyar da kimiyya a wannan makarantar 'yan mata mai zaman kanta a Tudun Wada, kuma ba ta iya koyarwa da baki kawai ba. Da aka zo darasin makamashi, sai da ta sa ɗalibanta suka cura gawayi da buntun shinkafa. Ta haɗa farfela da yankakken bututu ta kafa a kan rufi, in iska ta kaɗa ƙwan lantarki ya kama, abin yana wani irin kuka da ke sa tsigar jiki tashi. Sannan ta gina rufaffen rami a bayan ɗakin, ana zuba masa kashin shanu daga kwata, yana ruɓewa yana ba da iskar gas, tiyo yana kawo ta cikin ɗaki ta kama da shuɗiyar wuta marar hayaƙi. Dalilinta na gida ne: shekara talatin Innarta tana tuyar waina a bakin murhu, hayaƙin itace ya cinye mata ido.

Ɗalibai suka laƙaba mata suna Malama Mai Iska. Ita ma dariya take yi in ta ji. Ba ta taɓa zaton akwai ranar da za a faɗi sunan nan ana ja da baya ba.

Kafin azahar ƙofar makarantar ta cika da iyaye. Yaran sun farfaɗo tun da suka sha iskar waje, amma labarin ya riga ya kai Tudun Jukun ya dawo da ƙari. Wai ramin nan jini take ba shi. Wai in an kasa kunne ana jin numfashinsa.

Alhaji Nagoda, mai makarantar, ko haɗa ido bai yarda ya yi da ita ba.

"Malama, ki je gida tukuna, sai mun neme ki."

"Na ji, Alhaji. Amma don Allah a bar ni in rufe kan famfon da ke bakin ramin. Akwai inda tiyon ya ɓule. Kuma a bar tagogi a buɗe!"

"Kada ki ƙara zuwa kusa da ramin nan! So kike a ƙona min makaranta? Zan sa maigadi ya rufe."

Tana fita ta hango Sabo maigadi yana rufe tagogin ɗakin ɗaya bayan ɗaya daga waje, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, wai kada abin da ke ciki ya fito. Ya danna kwaɗo a ƙofa. A gefe, Malama Bahijja mai koyar da Turanci tana tsaye ta rufe hanci da gefen mayafi. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Khubaib ce, wanda aka sa ranar aurensa da Mahbuba bayan Babbar Salla. Ta dube ta da wani irin tausayi mai sanyi.

"Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa."

Kwana biyu Khubaib bai zo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ya yi sallama a zaure, idonsa duk ya faɗa.

"Mahbubata..."

Haka yake kiran ta. Yakan ce iyayenta sun rage masa aiki, tun da sunan da suka raɗa mata, wato abar ƙauna, shi ne abin da ke zuciyarsa.

"Sai yau, Khubaib?"

"Gida ne babu daɗi, hasken idona. Bahijja ta kwashe komai ta kai wa Hajiya. Hajiya ta ce gidanmu, gidan Malam Dalhatu, gidan karatu ne tun kakanni, ba za a shigo masa da mai iskoki ba. Ta ce a dakatar da haɗa lefe."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce... in kin amince a yi miki ruƙiyya, ko sau ɗaya, hankalin kowa ya kwanta."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Wannan shi ne mutumin da ya taya ta ɗaukar bututun farfela a motarsa, yana tsokanarta wai amaryarsa za ta zo da wutar lantarkinta a cikin gara.

"Kai ma ka yarda ke nan?"

"Ban yarda ba! Amma yara uku a lokaci guda, Mahbuba... akwai abin da ido ba ya gani."

"Akwai shi, sunansa gas! Ka saurare ni da kyau, masoyina. Bazara ce, yanzu ramin ya fi aiki. In ba a rufe famfon nan ba, ɗakin yana nan yana cika. Ko ashana aka ƙyasta a ciki, rufin sai ya tashi."

"Na tambayi Alhaji Nagoda, ya ce maigadi ya rufe tun ranar. Ki daina sa wa kanki damuwa."

Ya faɗa ne da irin muryar da ake lallashin marar lafiya. Bayan tafiyarsa ta daɗe a zauren, zuciyarta tana raya mata cewa wani mugun abu yana tafe. Ta san Sabo. Ko kuɗi aka ɗora masa a bakin ramin nan ba zai je ya ɗauka ba.

Washegari da hantsi tana wanke-wanke saƙonsa ya shigo wayarta.

"Albishirinki. Hajiya ta yarda in ni da kaina na yi addu'a na turara ɗakin da hayaƙi, magana ta wuce. Muna makarantarku yanzu. Yau zan wanke sunanki."

Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

Hayaƙi... garwashi!

Ta kira, wayar a kashe. Ta sake kira. Ta fizgi hijabi a kan igiya ta fita da gudu, takalmi wari da wari, Inna tana ƙwala mata kira ba ta waiwaya ba. Mai acaɓan da ta tara sai da ya ce mata ta bar dukan bayansa, ba jirgi yake tuƙawa ba.

Harabar makarantar cike take da iyaye mata. Farfelar tana ta kukanta a kan rufi. Kallo ɗaya Mahbuba ta yi wa bayan ɗakin ta ga jan mariƙin famfon yana nan a buɗe yadda ta bar shi. Kwana huɗu!

Ga Khubaib can cikin farar shadda, ya riƙo kasko da hannu biyu, garwashi ya yi jajir, habbatus sauda tana tartsatsi a kai. Tsakaninsa da ƙofar bai fi taku ashirin ba. Sabo ya riga ya cire kwaɗon ya tsere gefe.

"Khubaib! Ka tsaya! Ɗakin cike yake da gas!"

Ya waiwayo a firgice. Kafin ya buɗe baki, mahaifiyarsa Hajiya Ishatu ta ɗaga hannu.

"Kun gani ko? Ba na faɗa ba? Su ne ba sa son hayaƙin! Su ne ke magana da bakinta. Ku riƙe ta!"

Mata huɗu suka cafke ta. Ta yi ta fizge-fizge, hijabinta ya karkace, idonta ya firfito, kuma duk wanda ya gan ta a lokacin zai rantse abin da ake faɗa gaskiya ne. Ita ma ta san haka, shi ya fi komai ƙona mata rai. Duk ƙarar da ta yi, shaida ce take ƙara ba su.

"Khubaib, don girman Allah! Ka dubi famfon, a buɗe yake! Mutuwa za ka yi!"

"An rufe shi!" in ji Alhaji Nagoda daga nesa. "Sabo, ba ka rufe ba?"

"Na... na rufe, Alhaji."

Khubaib ya dube ta, hawaye kwance a idonsa.

"Ki yi haƙuri, Mahbubata. Don ke nake yi. Yanzu za ki samu sauƙi."

Ya juya mata baya. Ya ci gaba da tafiya yana karatu a hankali.

Taku goma.

"Khubaib! Ni ce! Ni ce nake maka magana, ba kowa ba! In ka taɓa so na ka ajiye kaskon nan!"

Kafaɗarsa ta girgiza, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba.

Taku biyar. Ya miƙa ƙafa zai tura ƙofar.

"Yaya Khubaib, kar ka shiga!"

Bahijja ce. Ta zube a ƙasa kan gwiwoyinta.

"Gaskiya ta faɗa! Ni na yanka tiyon da reza a bayan kabad... so nake wari ya tashi a kore ta, a fasa aurenku kawai! Wallahi ban san zai kai haka ba! Babu wata iska, gas ne!"

Khubaib ya tsaya cak.

Ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya kai bakin randar alwala ya dulmiya kaskon a ciki. Ƙarar mutuwar garwashin kaɗai ake ji a harabar. Hannayen da ke riƙe da Mahbuba suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta kalli kowa ba. Ta zagaya ta murɗe famfon, ta ce kowa ya matsa can bakin ƙofar makaranta, kada wanda ya kunna ko waya. Sannan ta bi tagogin tana ɓalle su. Warin da ya bugo waje sai da ya sa mata tari daga nesa. Hajiya Ishatu ta dubi ƙofar, ta dubi ɗanta, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Ranar Litinin Alhaji Nagoda ya aiko da ban haƙuri, ya ce aji yana jiran ta. Da yamma kuma Khubaib ya zo. Mahbuba ta ɗora wa Inna ruwan shayi a kan ɗan murhun gas da ta haɗa a gida da duro biyu, ta fito zaure.

"Hajiya ta ce a ba ki haƙuri, gobe ma da kanta za ta zo. Ta ce a ci gaba da lefe. Kin ceci raina, hasken idona... komai ya wuce."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana son sa, har yanzu tana son sa, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi mata nauyi a baki.

"Sau nawa na kira sunanka ranar nan?"

"Mahbuba..."

"Sau uku. Na haɗa ka da Allah, na haɗa ka da son da kake min. Bahijja fa, sau nawa ta kira?"

Ya kawar da kai gefe.

"Sau ɗaya, ka tsaya. Da ta yi shiru fa, Khubaib?"

"Na ɗauka ba ke ce ke magana ba..."

"Shi ne ai. Ka dubi cikin idona ka ce ba ni ba ce. Gobe in muna gida ɗaya na faɗi abin da bai yi wa mutane daɗi ba, wa zan nemo ya gaskata ni kafin ka ji?"

"Wallahi ba zan sake ba! Ki hukunta ni da komai, ban da wannan!"

"Na yafe maka, har cikin zuciyata. Amma duk sanda na rufe ido, bayanka nake gani kana tafiya."

Ta zare zoben baikon ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Ya kira sunanta har sau uku tana shiga gida. Ta ji kowanne, ba ta juyo ba.

A madafa ruwan ya tafasa. Ta durƙusa gaban shuɗiyar wutar, kukan da ta danne tun ranar Asabar ya ƙwace mata. Inna, da ke zaune a bakin ƙofa ba ta gani sai inuwa-inuwa, ta karkato kai.

"Mahbuba, me ya sami idonki nake jin kina jan hanci?"

Ta buɗe baki za ta ba da amsar da ta sha jin Inna tana bayarwa tun tana ƙarama, duk ranar da ta kama ta tana hawaye a bakin murhu: hayaƙi ne. Sai ta dubi wutar, tana ci tsaf, ko ɗigon hayaƙi babu. Da hannunta ta kore shi daga gidan nan.

"Kuka nake yi, Inna," ta ce.

Inna ta miƙo hannu tana lalube har ta samo kanta, ta jawo ta jikinta.